Kayan tafiya kan ƙanƙara da na ɗauka haya a Shamoni, ga yadda na same su

Jama'a tunda wasu sun dame ni da tambaya kan hotunan tafiyata a kan ƙanƙara da na saka, da kayan da na yi amfani da su, bari in yi bayani sau ɗaya. A watan Yuli ne ni da abokaina biyu muka ɗauki jagora muka tsallaka daga Faransa zuwa Suwizalan ta kan ƙanƙarar Le Tour, wata makekiyar ƙanƙara da ke shimfiɗe a duwatsun Alps, kowa da jakarsa a baya. Mun kwana a masaukin Albert Premier mai tsayin mita 2702, washegari muka haye zuwa masaukin Trient. Duk kayan nawa na haya ne daga wani shago a Shamoni (Chamonix), wani gari a Faransa da ke gindin duwatsun, takalmi, kirampon wato ƙarfen nan mai haƙora 12 da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi, gatarin ƙanƙara, hular kwano da ɗamarar da ake ɗaura igiya.

Kirampon ɗin dai gaskiya ya yi min. Mun fito wajen ƙarfe biyar saura bayan na yi asuba a wani lungu, tocila a goshi, ƙanƙarar ta daskare tamkar siminti, duk takun da ka yi sai ka ji ƙaras ƙaras haƙoran sun kama, ko santsi ɗaya ban yi ba. Akwai wata roba a ƙasansa da ke hana dusar ƙanƙara dunƙulewa, don Allah in za ka karɓa ka juya shi ka duba tana nan, domin ɗaya daga cikin abokan nawa nashi ba shi da ita, da rana ta ɗaga kowane taku goma sai ya tsaya ya ƙwanƙwasa takalmi da gatari saboda dunƙulen da ke manne masa kamar taɓo a gona da damina, kuma in ya manne haƙoran ba sa taɓa ƙasa ma sam.

Inda na ji haushi shi ne mai shagon bai gwada min ƙarfen a jikin takalmin ba, kawai ya tambayi lambar ƙafata ya zuba a jaka. A masauki da daddare jagoranmu ya ce kowa ya kawo nashi, yana ɗagawa na hagu ya faɗo ƙasa, ashe ya yi tsawo da rami ɗaya cikin ramukan da ake daidaita tsawonsa da su. Minti biyu ya gyara shi. Amma da a tsakiyar gangara ya zame fa? Takalmin shi ma ya ci min dunduniya kaɗan, amma ruwa bai shiga ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai ma ba kayan ba ne. Tun a Shamoni jagoran ya leƙa ofishin La Chamoniarde da ke ba da labarin yanayin hanyoyi, sannan da dare ya yi ta fita waje yana kallon sama. Na ce ranka ya daɗe me kake dubawa, ya ce gajimare, in ya rufe sama zafi ba ya fita, dusar ba ta daskarewa, ita kuwa dusar nan ita ce ta lulluɓe tsagogin ƙanƙara masu zurfi da ke ƙarƙashinmu kamar gada. In ba ta daskare ba, ya ce, mu koma gida kawai. Ya tuna mana dutsen Marmolada na Italiya inda ƙanƙara ta ɓalle ranar 3 ga Yuli 2022 ta kashe mutum 11 bayan kwanaki na zafi. Ni da idona na ga abin da yake nufi, wajen ƙarfe goma ya soka sandarsa a wani wuri fari tas mai ɗan loɓawa, sandar ta shige gaba ɗaya, ƙasan baƙi ƙirin. Muka ja igiya ta miƙe tsakaninmu muka zagaya, ba wanda ya ce uffan.

Sai maganar rana. Kar wani ya ce mu baƙar fata ba ta ƙona mu, ƙasan hancina da leɓena sai da suka saɓule saboda hasken daga ƙasa yake dawowa, ku shafa man kariya ku sa tabarau mai lamba 4, wato mai duhu sosai.

Zan sake yin haya in sha Allahu, saye bai da amfani ga mai zuwa sau ɗaya a shekara, amma wannan karon a cikin shagon zan sa takalmin in ɗaura ƙarfen in taka kafin in biya.