A Amurka har sikelin mahauci ana zuwa dubawa

Jama'a barkanmu da war haka. Akwai abin da na gani kwanan nan a wani shagon naman halal nan Bronx a birnin New York, har yanzu bai bar raina ba.

Ina cikin layi zan sayi naman akuya sai ga wata mata ta shigo riƙe da 'yar jaka mai nauyi, katin aiki kawai ta nuna. Mai shagon wani Balarabe ne mai shegen surutu amma nan take ya yi tsit, ya kwashe naman da ke kan sikeli ya goge farantin da tsumma. Ta buɗe jakar, ashe duwatsun awo ne na ƙarfe a jere kowanne da raminsa. Ta ɗora ƙarami ta duba lamba, ta ɗora babba, ta tura shi wannan kusurwa ta tura shi waccan, duk tana rubutawa. Daga nan ta wuce firij ta ɗauko kajin da aka riga aka naɗe aka manna musu farashi, ta auna su, ta cire nauyin farantin roba da ledar, don a nan doka ta ce nama ka zo saye ba leda ba. Da ta ga komai daidai ta manna 'yar takarda mai ɗauke da shekara a jikin sikelin ta fice abinta. Ba "ranki ya daɗe ga na mai", ba a ja ta gefe ba, ko tsokar nama ɗaya ba a ƙunsa mata ba. Wallahi tsayawa na yi baki buɗe har na bayana ya taɓa ni.

Kuma kar ku ce ƙananan shaguna kawai suka raina. A 2015 hukumar birnin New York ta bi kayan da katafaren kantin nan Whole Foods yake naɗewa ta tarar nauyin da aka rubuta ba shi ba ne a ciki, ƙarshe sai da suka biya dala dubu 500.

To amma fa awon nasu shi kansa ciwon kai ne, wannan kam ba zan yabe su ba. Duk duniya ana kilo su sun kafe a kan laba. Laba ɗaya giram 454 ce, wato kilo ɗaya laba biyu ne da ɗoriya. Sai ka ga an rubuta naman akuya laba ɗaya dala 6.99 ranka ya yi fari, alhali kilo ya haura dala 15, in ka juya shi zuwa naira kuwa sai cin naman ya fita daga ranka. Labar kuma ba goma-goma aka raba ta ba, oza 16 ce, kai da ka saba da rabin kilo da kwata sai ka tsaya gaban kanta kana danna waya. Ozar ma iri biyu ce, akwai ta nauyi akwai ta ruwa. Madara a galan ake sayar da ita, galan ɗin nasu bai kai lita 4 ba, na Ingila kuma ya wuce lita 4 da rabi, suna ɗaya awo daban. Amma Coca-Cola babbar roba lita 2 ce, a kanti ɗaya, wani lokacin a layi ɗaya da madarar. Na tambayi wani abokin aikina haifaffen nan me ya sa, ya ɗaga kafaɗa ya ce haka ya taso ya gani.

A jikin kanta suna manna ƙaramin farashi na kowace laba don ka gane wanne ya fi araha, dabara ce mai kyau, sai dai wani kantin wannan kwalin a rubuta shi da oza na kusa da shi a rubuta da laba, ka koma gidan jiya. Shinkafa babban buhunsu laba 50 ne, bai ma kai rabin namu mai kilo 50 ba, saboda haka in kun ji ɗan uwanku ya ce ya sayi buhun shinkafa dala kaza kar ku yi saurin cewa ta fi araha a can.

Abin dariya sun taɓa gwada komawa kilo. A 1975 suka yi doka amma suka ce ba dole, kowa ya yi kunnen ƙashi, a 1982 aka rufe hukumar da aka kafa don aikin. A 1999 har kumbon da suka harba duniyar Mars ya salwanta saboda wani ɓangare ya yi lissafi da laba wani ya ɗauka na mita da kilo ne. Ingila su dole suka sa tun shekarar 2000, har aka gurfanar da wani mai kayan marmari a garin Sunderland don ya sayar da ayaba da laba, amma har gobe hanyoyinsu da mil ake ƙirgawa.

Mu fa a Najeriya? A takarda tun shekarun 1970 muka koma kilo da lita, mun riga Amurka wayewa kenan. Amma shiga kasuwa ka gani. Mudun wannan gari ba shi ne na wancan ba, a kasuwa ɗaya ma wani yana da kwano biyu, na saye daban na sayarwa daban. An buge gindin mudu ya shige ciki, an murɗa sikeli, mahauci ya ɗora yatsa a gefe yana ja maka hira, a gidan mai ka biya lita goma ka san ba goma ce ta shiga tanki ba. Buhun da aka rubuta kilo 50 an farke shi an kwashi kwano biyu an sake ɗinkewa. Kuma duk mun haddace Wailul lil muɗaffifina tun muna makarantar allo, mai bugaggen mudun ma shi ne a sahun gaba. Ofishin duba awo muna da shi a Najeriya, doka tana nan, ni dai ban taɓa ganin wani ya shigo kasuwarmu da dutsen awo ba.

Duk da haka ina kewar kasuwar gida ba kaɗan ba. A nan ba ciniki, ba "albarka", ba "ƙara mini Alhaji", ba gyara. Inna mai gero za ta cika mudu ya yi tozo ta tare da hannu ta juye maka, sannan ta ƙara dintsi ɗaya ta ce a gaida yara. Nan kuwa ka ce laba uku, in ya gota da 'yar tsoka ko dai ya sa wuƙa ya yanke ko na'ura ta lissafa maka kuɗinta har sisin ƙarshe.

Masu aiko mini saƙon in taho musu da kaya da sallah kuma ku ji da kyau, akwati ɗaya laba 50 jirgi yake ɗauka, kilo 23 kenan, ba kilo 50 ba. Su ma sikelinsu ba ya jin magiya, kowa ya rage jerin nasa.