Gishirin leda mai iyode da nake saye a Tahoua

Jama'a wannan gishirin na leda da ake saidawa a butik-butik ɗin bakin babbar kasuwa, wanda aka rubuta ma iyode a jiki, ni dai na ba shi hannu. Fari ne tas, babu tsakuwa babu ƙasa, yana narkewa nan take cikin miyar kuka, ba sai kin daka a turmi ba.

Amma ba don farin nake sayen shi ba. Iyode yana cikin sinadaran nan da jiki ke so ɗan mitsitsi, irin su sinadarin ƙarfe da zink, babba mikrogram 150 kawai yake buƙata a rana, mai ciki da mai shayarwa 250, amma in babu shi sai ki ga maƙoƙo ya fito a wuya, kuma abin da ya fi tada hankali ƙwaƙwalwar jariri tun a ciki ba ta ginuwa yadda ya kamata. Mu nan nesa muke da teku, kifin teku ba kullum ba, to ta gishirin ne ya fi sauƙin samu.

Inda suka gaza ledar ce, sirirya ce wallahi, da an buɗe ta yage. Kuma wasu masu butik suna shanya shi a rana bakin ƙofa, alhali zafi da danshi suna rage iyode ɗin. Ki ce a ɗauko miki na ciki, ki juye a kwalba mai murfi.

Ya ɗan fi na awo tsada. Kuma kar a ce yana da amfani a cika hannu, masu hawan jini dai a yi hattara.