Hattara da mai sayar da takalmin keke na kabon bogi

'Yan'uwa mahaya keke, ku yi hattara. Akwai wani mai talla a intanet da ke sayar da takalmin tseren keke, yana rantsuwa cewa ƙasansa zallar kabon ne, wato wani abu mai tauri marar nauyi da ake yin kayan tsere da shi, wai kuma duk mai fama da zafin tafin ƙafa ko sagewar yatsu, da ya sa shi ya rabu da ciwon. Ni na faɗa tarkonsa, shi ya sa ba zan yi shiru ba.

Da kayan ya iso, a ido sai sam barka, ƙasan na ta ƙyalli da zanen saƙar kabon. Ko mako biyu ba a yi ba gefen zanen ya fara ɓarewa. Na sa farce na ja, ashe leda ce aka liƙa a kan roba. Na kama shi hannu biyu na lanƙwasa, ya bi ba gardama, alhali na tseren gaske ko gezau ba ya yi. Abin da ya fi ɗaga min hankali, ina tsaye kan feda ina hawan tudu, ɗaya daga cikin notuna ukun da ke riƙe maƙalar feda, wato abin da ke ƙasan takalmi yana kama feda, ya fizge daga mazauninsa. Allah ne ya kiyaye. Da na nemi mutumin, sai ya toshe ni.

Ƙaryar maganin ce ma ta fi ci min rai, domin ko takalmin na gaske ne, tauri ba ya warkar da ƙafa. Wani bincike da aka buga a 2003 ya gano cewa matsin da tafin ƙafa ke sha a takalmin kabon ya ɗara na roba da kashi 18 cikin ɗari. Zafin nan yawanci daga matsewar jijiyoyin da ke tsakanin ƙasusuwan bayan yatsu yake tasowa, musamman idan ƙafa ta kumbura a doguwar tafiya, takalmin kuma ba shi da faɗi. Sassauta maɗauri, neman mai faɗin gaba, da ja da maƙalar feda baya kaɗan, su ne ke kawo sauƙi.

Kada kuma lambar tauri da ya rubuta a jikin kwali ta ruɗe ku. Kowane kamfani da nasa ma'aunin: na Shimano ya tsaya a 12, na Specialized ya kai 15.

Wanda yatsunsa ke ci gaba da sagewa bayan ya sauka daga keke, don Allah ya je likita ya duba shi.