Kurkur ko silimarin: wanne ya fi dacewa da hantar kifi?

Ɗan'uwa, ka ce tarwadarka sun rage cin abinci, da ka yanka biyu sai ka tarar hantarsu ta kumbura ta yi fari-fari maimakon jan da aka sani, kana tambaya ko garin kurkur za ka zuba musu ko silimarin. Allah ya sawwaƙe. Ga yadda nake ganin su biyun.

Silimarin daga irin wata ƙaya ake tatso shi, Silybum marianum, wadda asalinta yankin Bahar Rum ne. Aikinsa a kan hanta yake kai tsaye: yana ƙarfafa fatar ƙwayoyin hanta yadda guba ba za ta kutsa cikin sauƙi ba, yana kuma taimaka wa waɗanda suka jikkata su farfaɗo. Abin da ya fi kwanta min a rai shi ne a tace yake zuwa, an rubuta ƙarfinsa a jikin mazubi, yawanci kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. Ka san abin da kake aunawa ke nan.

Shi kuwa kurkur, amfaninsa yana cikin sinadarin kurkumin, mai rage kumburi da taimaka wa matsarmama ta saki ɗacin da ke narkar da kitse. Ya fi silimarin sauƙin samu nesa ba kusa ba. Sai dai kurkumin ɗin da ke cikin garin bai cika wuce kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari ba, mafi yawan sauran sitaci ne, kuma ɗan abin da ke akwai ma hanji ba ya tsotse shi sosai. In ka ce bari ka cika hannu don cike giɓin, ɗanɗanon abincin zai canza, kifin da dama ba ya ci ya ƙara ja da baya.

Inda suka haɗu: dukansu ba sa narkewa a ruwa. In ka barbaɗa a bushe, cikin tafki zai wanke. Kwaɓa shi da ɗan mai, ka cuɗanya da ƙwayoyin abincin, ka bari ya sha iska a inuwa.

To amma kafin ka sayi ko ɗaya, buɗe buhun abincinka ka sansana. Wannan ne ya fi damuna. Masara ko tunkuzar gyaɗa da ta sha danshi tana yin funfuna, funfunar kuma tana fitar da gubar afalatoksin, wadda hanta take fara kai wa hari. Ita ce ta kashe talo-talo kusan 100,000 a Ingila a 1960, ta cikin garin gyaɗa da aka kawo daga Barazil. Dahuwa ba ta kashe ta, shanya a rana ma ba ta wadatar ba. Muddin kifi na cin irin wannan abinci, silimarin da kurkur duk zuba ruwa ne a kwando. Zubar da buhun kawai.

In abincin lafiya lau yake, duba cikin kifin da ka yanka. Kitse ya lulluɓe hanji? To ƙiba ce ta taru a hanta, daga yawan ciyarwa ko abinci mai maiƙo da sitaci fiye da kima. Hana su abinci kwana ɗaya ko biyu, ka canza ruwa, sannan ka dawo da ƙasa da abin da ka saba ba su.

Da ni ne, tunda hanta ta riga ta nuna alama, silimarin zan ɗauka, in bi ma'aunin da masu shi suka rubuta. Kurkur sai in ajiye shi don rigakafi, kaɗan-kaɗan, ga kifi mai lafiya. Idan kuma ka ga ruwa ya taru a cikinsu, ko gyambo a fata, ko suna mutuwa kullum, wannan ya fi kama da ƙwayoyin cuta. Ɗauki masu rai biyu ko uku ka kai wa likitan dabbobi, kada ka jira ganin aikin ganye.