Tamfol na je saya a Katako, ashe gadon sojan ruwa ne

Abin rufe buhunan dankali nake nema, shi ya kai ni wurin masu gwanjon kayan soja a kasuwar Katako da ke Jos. Mai shagon ya zaro mini wani farin tamfol daga ƙasan dila, mai kauri, tsawonsa kamar ƙafa 6, ya ce ragowar tanti ne. Kuɗin bai fi na tsohon bargo ba, na biya na tafi.

Da na shimfiɗa shi a tsakar gida sai na ga wannan ba tanti ba ne. Kowane kai yana da huji 16 a jere, an ɗaure bakin kowanne da zare. A kai ɗaya siraran igiyoyi sun fito daga hujin, an saƙa su kamar kitso, sun haɗu a zoben ƙarfe guda. A gefe kuma ga lamba da baƙin fenti ta kusa gogewa, da wata alama kamar kan kibiya.

Na kai wa wani dattijo maƙwabcinmu a Gangare, tsohon sojan ruwa. Wallahi yana taɓa saƙar nan idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Ɗana, ina ka samo wannan? A irinsa na kwana da aka kai mu horo Ingila." Gadon lilo ne na cikin jirgin yaƙi. Kan kibiyar nan hatimin kayan gwamnatin Ingila ne, lambar kuwa don kowa ya gane nasa. Na ce, "Baba, me ya hana su gado sosai?" Ya ce rashin wuri ne. Tun 1597 rundunar ruwan Ingila ta fara amfani da shi, kuma a zamanin jiragen filafilai inci 14 kacal ake ba mutum ya rataya nasa. Jirgi na tangaɗi, lilon na bin sa, mai barci ba ya faɗowa. Gari na wayewa a naɗe shi tam da igiya, ɗauri bakwai, a kawar, wurin ya koma na cin abinci. A lokacin, wanda ya rasu a teku ma a cikinsa ake ɗinke shi.

Daren nan muka rataya shi tsakanin mangwaro da ginshiƙin rumfa. Bayana bai taɓa samun hutu irin wannan ba. Amma sanyin Jos ta ƙasa yake shigowa, sai da na shimfiɗa bargo biyu. Baba ya ce da ma da 'yar siririyar katifa ake haɗa shi.

To, ga inda raina ya ɓaci, kuma har yanzu in na tuna sai ya sake ɓaci. Ɗaya kan ba igiya, ba zobe, kuma yankan sabo ne fil, bakin zaren ko datti bai yi ba. Na koma shagon na tambaya. Yaron shagon ya ce ai su suka yanke suka ɗaure dila da su, zoben kuma masu jari-bola sun saya. Abin da ya tsira shekara da shekaru, ya ƙetaro teku, a lalata shi saboda ɗaurin kaya! Mai shagon ko haƙuri bai ba ni ba, cewa ya yi da ya san abin tarihi ne da bai sayar mini a haka ba. Ga warin fumfuna, wanki uku na yi da sabulun salo kafin ya lafa, kuma akwai tabon tsatsa biyu da suka ƙi fita.

Kayan dai na yaba, ƙarfin tamfol ɗin ya fi duk wanda na taɓa saya sabo. Shagon ne ba zan ce wa kowa ya je ba sai in zai warware kaya a gabansu ya duba kai da kai. Yanzu Baba yana koya mini saƙar, da farar igiyar auduga da na sayo a kasuwar Taminus, mun kai huji na tara.