Final Fantasy Adventure: na Game Boy ko na waya?

Kamfanin Square na Japan ya fitar da wannan wasan bidiyo a 1991, a kan Game Boy, ƙaramar na'urar wasa ta hannu mai launi huɗu kacal. A 2016 aka sake gina shi don wayoyin hannu da sunan Adventures of Mana. Labarin ɗaya ne: bawan da ya tsere daga filin da ake tilasta masa faɗa da dodanni, yana kare yarinyar da ke da alaƙa da wata bishiya mai tsarki da ake kira bishiyar Mana.

Tsohon yana da tauri. Makullai na ƙarewa, sai mutum ya tsinci kansa a tsakiyar kogon dodanni ba abin buɗe ƙofa, dole ya koma gari sayayya. Abin da ciwo. Amma sarar takobi na amsa maɓalli nan take, kuma kiɗan Kenji Ito da ƙaramar na'urar ke fitarwa har yau yana taɓa zuciya.

Sabon ya fi kyan gani, sauya makami ma ya fi sauƙi. Matsalarsa gilashin waya: yatsa na zamewa daidai lokacin da dodo ya taso maka.

Ni dai tsohon nake komawa, ko don wannan kiɗan.