Kafin Ka Canza Ogzilarin Motarka, Duba Ƙasar da Kake Bi

Duk wanda ya taɓa barin kwalta a Daura ya nufi ƙauyukan Zango ko Baure da lodin buhuna ya san inda mota mai fowil, wato mai jan taya huɗu, ke nuna amfaninta. Abin da ke yin wannan aikin shi ne akwatin da ke manne a bayan giya, wanda makanikai ke kira ogzilari. Shi ke raba ƙarfin inji tsakanin farfelar gaba da ta baya, kuma a cikinsa ƙaramar giya take, wadda ake gani a jikin liba da alamar L4. Idan ya fara kuka, ko yana fita daga giya da kansa, ko mai mota ya ji ana yabon wani sabon samfuri, sai maganar canji ta taso. Na ga mutane sun zuba kuɗi a nan ba tare da sun tambayi kansu wace ƙasa suke bi ba, kuma abin yana damuna.

A fara da lissafin, don shi ne tushen komai. Tsohuwar Hilux mai silinda huɗu, ta tsakanin 1979 da 1995, yawanci tana da akwati mai haƙoran ƙarfe zalla, RF1A, wanda ƙaramar giyarsa ke rage gudu sau 2.28. Akwatunan da suka zo daga baya, masu sarƙa, suna ba da kusan 2.57, Land Cruiser 80 kuma 2.49. Kamfanin Marlin Crawler na Amurka yana sayar da haƙoran da ke kai RF1A zuwa 4.7. Ɗauki motar da giyarta ta ɗaya ke rage gudu sau 3.95, aksil kuma sau 4.10, ka ninka su da na akwatin: da akwatin asali inji zai juya kusan sau 37 kafin taya ta zagaya sau ɗaya, da haƙoran 4.7 kuma sau 76. Motar za ta riƙa rarrafe a kan dutse ba tare da ka ƙona kuloci ba. Wasu ma suna haɗa akwati biyu a jere, sai dai hakan yana tilasta a rage farfelar baya, a ƙara ta gaba, a sake mazaunin giya.

To amma an ƙera waɗannan ne don hawan duwatsu. Mu a arewacin Katsina, daga Kaita zuwa Mai'adua, rairayi ne ya fi yawa, damina kuma taɓon fadama da ƙoramu. Rairayi yana son taya ta ci gaba da juyawa da ɗan gudu, motar ta yi ta shawagi a samansa. Idan ka sa 4.7, L4 ɗinka ta yi ƙasa da yawa: inji yana ihu, mota ba ta tafiya, kana ta canza giya, kuma duk canji ɗaya gudun da ka tara yana zubewa. Idan ka koma H4, babbar giyar fowil, lodi ya fi ƙarfinta. Ka rasa tsakiyar da 2.28 ko 2.57 ke ba ka, alhali ita ce daidai da ƙasarmu. Ban ga dalilin da mai jigilar hatsi zai sayi wannan ba. Wanda aikinsa ke kai shi wuraren duwatsu da kwazazzabai, ko yake jan tirela mai nauyi a hawa, shi kam yana da hujja. Akwatin Atlas na kamfanin Advance Adapters ma haka yake: ƙarfe ne mai kyau, ana samunsa a 3.0, 3.8, 4.3 da 5.0, amma da dala za ka saye shi, ka biya kwastam, kuma ranar da ya buƙaci gyara ba za ka sami kayansa a kusa ba.

Ga yawancinmu zaɓin gaskiya biyu ne: a gyara na jikin motar, ko a sayo na Beljiyam.

Gyara ya fi sauƙi idan kwanson bai tsage ba. Akwati mai sarƙa, idan sarƙar ta saki, za ka ji tana tsallake haƙori da ƙara kas-kas lokacin da ka taka totur a fowil. Sabuwar sarƙa, boris da osil, sai ya dawo yadda yake. Wani dattijon makanike da nake kai wa mota ya taɓa ce mini, "Alhaji, kafin ka saya bari in zubar da man mu gani." Ya kwance mazubin, ya murza man a yatsa. Ba garin ƙarfe, ba ruwa. Osil kawai muka canza. Da man ya fito fari-fari kamar kunu, alamar ruwan ƙorama ya shiga ke nan, a nan sai an buɗe.

Na Beljiyam kuwa, a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Ladipo ta Legas, kada ka yarda da kamannin waje. Je da naka tsohon ko lambar shasi. A ƙirga haƙoran sandar da ke shiga giya, domin RF1A kaɗai yana zuwa da mai 21 da mai 23, kuma ba sa shiga wa juna. A duba ɓangaren da farfelar gaba ke fita, da irin na'urar auna gudu, ta waya ce ko ta lantarki. Juya akwatin da hannu a H2 (jan taya biyu), H4 da L4. Ka nemi yarjejeniyar mayarwa idan an ɗaura bai yi ba.

Akwai kuma bambancin liba da maɓalli. Hilux ta zamani tana shiga fowil da ƙaramin moto na lantarki, wanda kan maƙale idan an daɗe ba a yi amfani da shi ba ko ruwa ya shige shi. Sau da yawa moton ne ya mutu, akwatin lafiyarsa ƙalau, don haka a gwada shi tukuna. Ni dai in an ba ni zaɓi don aikin daji, liba nake ɗauka.

Masu Land Cruiser 80 da ke jan taya huɗu kullum suna iya mayar da ita mai jan baya, a sa makullin hannu a tayoyin gaba. Kayan gaba za su huta, amma ka rasa riƙon da take da shi a jiƙaƙƙiyar kwalta. Mai motar da aka mayar haka, da mai Hilux, kada ya bar ta a H4 a busasshiyar kwalta daga Katsina zuwa Daura, don farfela biyu za su yi ta kokawa da juna har sarƙa ko haƙora su biya. Kuma duk akwatin da ka zaɓa, ka rage iskar taya kafin ka shiga rairayi, ka riƙe famfo a mota don ka mayar da ita idan ka hau titi.